Jarin Uwargida Ba Kuɗin Mota Ba Ne

Yau maganarmu a kan mata masu ƙananan sana'o'i ce: mai fura da nono, mai tuwo a bakin kara, mai ƙosai a tasha. Duk inda muka sauke shanu, daga Maraɗi har Kumasi, su ke ciyar da mu.

Masu bincike sun daɗe suna bin sawun irin waɗannan mata. Da farko an ɗauka rashin jari ne kaɗai matsalarsu. Shi ya sa Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a Bangaladash a 1983, ƙungiyar CARE kuma ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991.

Daga baya sai aka gwada a gani. A Sirilanka an raba wa ƙananan 'yan kasuwa jari kyauta. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ribar maza ta ƙaru, ta mata kuwa ba ta motsa ba. A Gana, binciken da ya fito a 2014 ya gano matar da aka saya wa kayan sana'a ta fi wadda aka danƙa wa tsabar kuɗi cin riba. To, ina kuɗin ke shiga? A 2019 wasu masana suka sake duba alƙaluman Indiya da Sirilanka da Gana, suka ga in maigida ma yana da sana'a, sau da yawa can kuɗin matar ke ƙarewa. Wadda ita kaɗai ke kasuwanci a gida kuwa, jarin ya yi mata amfani sosai.

Jama'a, nan maganar ta zo kanmu. Ranar lodi, in kuɗin mota ko na duwan bai cika ba, wa ake fara tunawa? Uwargida da ta kwashi adashi jiya. A ce "ara mini, in na dawo," shi ke nan an wuce wurin. Alhali in shanu suka faɗi a kasuwa, ko iyaka ta rufe kamar yadda Najeriya ta rufe tata a 2019, da cinikin nan nata ake ɗora tukunya.

Shawararmu ita ce, wanda ya ari kuɗin matarsa ya sa shaida da ranar biya, kamar yadda yake yi da abokin fatauci. Sarkin kara kuma ya tsaya kada mota ta tashi da bashin mai tuwo. Allah Ya sa mu dace, amin.