Kuɗin Baƙo, Aljihun Wa Yake Shiga?

Sau da yawa idan aka ce ɗalibi yana karanta harkar yawon buɗe ido a jami'a, sai ka ji ana yi masa dariya, wai ya je koyon shimfiɗa gado a otal. A nawa ra'ayin, wannan rainin yana daga cikin abin da ya hana mu cin moriyar baƙinmu. Fannin nan reshe ne na ilimin tattalin arziki, kuma babbar tambayarsa ita ce: kuɗin da baƙo ya kashe, hannun wa yake ƙarewa?

Mu ɗauki Abuja misali. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a cikinta a 1991, baƙi ba su yanke ba. Suna kwana a manyan otal-otal na Maitama, su ɗauki hoton Dutsen Zuma, su koma. Amma da yawa daga cikin direbobi da masu gadi da masu wanki da ke yi wa birnin hidima, a garuruwa irin Orozo suke kwana, kan hanyar Karu zuwa Karshi, su yi sammako su faɗa cunkoson Nyanya. Nawa ne daga kuɗin baƙon yake biyo su gida? In ba a lissafa ba, sai a ci gaba da kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan lissafin shi ne aikin ɗalibin fannin. Shi zai bi sawun naira, ya ga wadda ta tsaya wurin mai tsire da mai tukwane, da wadda ta fice waje wajen sayo kayan otal. Shi zai nuna wa hukuma asarar da aka tafka saboda hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta a 2011, ta haura shekara 10 ba a gama ba.

Abin nunawa kuwa muna da shi. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci Ushafa, garin maginan tukwane, a shekarar 2000. Hoton Ladi Kwali yana kan takardar naira 20. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024.

Wasu za su ce rashin tsaro ya kori baƙi, to me za a karanta? Gaskiya ne ya yi illa. Sai dai ɗan ƙasa ma baƙo ne idan ya bar garinsu, kuma shi ma yana kashe kuɗi.

Don haka ina kira ga jami'o'inmu da su riƙa tura ɗalibai bincike garuruwa irin Orozo. Mu kuma 'yan Sashen Hausa, mu haɗa kai da su, domin tarihi da al'adun da baƙo ya zo gani, mu muka fi iya fayyace su. Allah Ya sa mu dace, amin.