Wayar ta ji Turancinsa, ta kasa jin Hausarsa

A ajina na biyar akwai wani yaro da hannunsa ba ya iya riƙe biro. Haka aka haife shi, jijiyoyin hannun a sandare, maganarsa ma a jaye take fita. Amma ka tambaye shi lissafi, kafin sauran su buɗe littafi ya ba ka amsa. Shekara da shekaru ana rubuta masa sifiri saboda takardarsa fara ce.

Kwanakin baya na miƙa masa wayata, na kunna manhajar da ke mayar da magana rubutu. Da Turanci, bayan ya maimaita sau uku, jimla ta fito. Yaran aji suka yi ta tafi. Da ya juya zuwa Hausar da yake yi da uwarsa a gida, sai wayar ta dinga zubo shirme. Wallahi har yanzu ina tuna yadda ya sunkuyar da kai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan manhaja daga muryoyin da aka naɗa mata take koyo, abin da ba ta taɓa ji ba kuwa ba za ta gane shi ba. Hausarmu ta Zango ba irin ta Kano ba ce, mun gauraya ta da Twi da Turanci, ga kuma harshen yaro mai nauyi.

A 2024 Jami'ar Ghana da ke Legon, tare da Google da wata cibiya ta jami'ar UCL a Landan, suka fara aikin Tɛkyerɛma Pa, don masu lalurar magana su samu manhajar da ke jin su a harsunan gida. Aiki ne mai kyau, na yaba. Sai dai harsunan biyar ne: Akan, Ewe, Dagbani, Dagaare da Ikposo. Babu Hausa. Ban yi mamaki ba, tunda ko cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantu ba mu ciki.

To, wa zai kai mu? Dokar naƙasassu ta 2006 da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 sun ba yaron nan haƙƙin zama a aji ɗaya da kowa, amma ba su naɗa muryarsa ba. KNUST ga ta nan, titi kawai za ka tsallaka daga Ayigya, kuma 'ya'yanmu na karanta kwamfuta a can. Ina roƙon Sarkin Zango da limamanmu su kira su zama, a rubuta wa masu aikin Legon, a ce muna da muryoyin bayarwa, bisa yardar iyaye kuma da sanin inda za a ajiye su.

Iyaye kuma, don Allah ku daina kulle irin waɗannan yara a ɗaki. Uwar ɗalibina ta riga ta amince, Asabar mai zuwa za mu fara naɗar karatunsa. Saura shekara huɗu ya zauna jarrabawar BECE.