Dokar 1964 da wariyar launin fata a wuraren aiki a Amurka

Tun 1964 dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Amurka ta haramta nuna bambancin launin fata wajen ɗaukar ma'aikata ko korarsu. Ta yi rawar gani: a 1971 Kotun Ƙoli ta hana jarrabawar ɗaukar aiki da ke ture baƙaƙen fata gefe alhali ba ta da alaƙa da aikin.

Sai dai wariyar ta koma ta bayan fage. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki masu kama da juna ga kamfanonin Boston da Chicago, kuma masu sunayen fararen fata sun fi masu sunayen baƙaƙen fata samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Nan dokar ta gaza ƙwarai: wanda aka ajiye takardarsa gefe bai san dalili ba, balle ya kai ƙara, kuma nauyin fara kawo hujja yana wuyansa.