A bar ƙananan kifi su girma

'Yan uwana ɗalibai da iyayenmu, ku leƙa kwandunan kifi a bakin kogin Shari. Za ku ga wasu kifayen ko tsawon yatsa ba su kai ba. Dalili kuwa, wasu sun mai da gidan sauro komar su, kuma ba abin da ke tsere masa.

A Bahar Maliya, gefen Jidda, akwai wani ɗan kifi mai ratsin baƙi biyar da ke zama cikin murjani. Macen ta zuba ƙwai a kan dutse, namijin ya tsaya gadi har a ƙyanƙyashe. Karfasarmu ta Shari da Logon ma haka take da kula: uwa na riƙe ƙwanta a baki, da ƙyar take cin abinci, har 'ya'yan su iya iyo. Bayan duk wannan wahala sai mu kwashe su rana ɗaya?

Wani zai ce, "To me za mu ci yau?" Gaskiya ne, yunwa ba ta jira. Amma Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ja baya ƙwarai. Kifin da aka kama tun bai yi ƙwai ba, abincin baɗi ne aka cinye. Ga shi gidan sauron ya bar ɗaki, zazzaɓi na kwantar da ƙannenmu.

Masunta, a yi su da raga mai manyan idanu. Iyaye mata, in an kawo ƙanana, ku ƙi saye. Allah Ya sa mu gyara.