Dizal daga man tsirrai: me Kafanchan za ta samu a ciki?

Duk ɗan kasuwar da ke sauke citta ko masara a Mile 12 ko Sabon Ibadan ya san ba a gona farashi ke ƙarewa ba, a tankin tirela yake ƙarewa. Tun da litar dizal ta haura naira 1,000 a 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Kafanchan da Kachiya ya zama abin da ake fara lissafawa kafin riba. Shi ya sa maganar yin dizal daga man tsirrai ta sake tasowa.

Ba sabuwa ba ce. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin da ya yi hasashen gauraya kashi 20 cikin 100 na irin wannan mai a dizal ɗin da muke sha. Har yau ba mu gan shi a gidan mai ba.

Yadda ake yin sa ba wuya a faɗa: a haɗa mai da sinadarin metanol, a sa soda, sai ya rabu gida biyu, dizal a sama, gilisarin a ƙasa. Kilo 100 na mai da kusan kilo 10 na metanol kan ba da wajen kilo 100 na dizal. Matsalar ita ce soda sai mai mai tsabta. In ka ba ta man da ya sha suya ko ya daɗe a jarka, sabulu za ta yi maka, kamar yadda iyayenmu mata suka sani. Mai mai tsabta kuwa, na gyaɗa ko waken soya ko manja, ya fi dizal tsada a kasuwa. Wa zai zuba man miya a janareta ya yi asara?

A nan inzayim ya shigo. Sinadari ne da ƙwayoyin halitta ke samarwa, irin wanda ke narkar da kitse a cikinmu. Yana aiki a ɗumin da bai wuce digiri 35 zuwa 45 ba, kuma gurɓataccen mai ba ya juya masa zuwa sabulu. Kamfanin Novozymes na Denmak ya fito da nasa mai suna Eversa a 2014. Amma fa yana da nawa, da dala ake sayo shi, kuma metanol in ya yi yawa kashe shi yake yi, dole a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Metanol ɗin kansa guba ne, ba abin wasa a bayan gida ba.

To ina ribar kudancin Kaduna? A ganina tana cikin man da ba a ci, musamman bini-da-zugu da ake shinge da shi. Sai dai kada wani ya zo da zancen kadada dubbai. Kamfanonin da suka yi haka a Tanzaniya da Mozambik sun durƙushe, kuma a yankin da rikicin fili ya ci rayuka, karɓe gonakin abinci don shuka mai tsokano fitina ne. Manoman da annobar citta ta 2023 ta karya ba su da ƙarfin wani gwaji.

Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin gwaji na ƙungiyar manoma, don injin niƙa da na ban ruwa, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da cibiyar NARICT ta Zariya su auna ingancinsa. Mu kuma 'yan kudu, man da masu ƙosai da gidajen abinci ke zubarwa a kwata ya fi yawa a Legas da Fatakwal. Kafin kowa ya sa kuɗinsa, ya fara tambaya: lita nawa ake iya tarawa a mako, kuma a kan nawa?