A Ba Mu Gari, A Haɗa Mana da Iri

 Maganarmu ta yau a kan kwamfuta ce. Kada dattijo ya ce ba ta shafe shi ba, domin rajistar ƙungiyoyinmu da sunayen ɗaliban makarantunmu da lissafin taimakon marayu duk sun fara komawa cikinta.

Kowace manhaja tana da siffa biyu. Ta farko ita ce rubutun asali, wanda ɗan Adam ya rubuta, masani kuma yake iya karantawa ya gyara. Ta biyu ita ce wadda aka sarrafa ta koma lambobin da na'ura kaɗai take fahimta. Misalinsu kamar dawa ce da garinta. Da gari ake tuƙa tuwo, amma gari ba ya tsira idan an shuka shi, kuma ba a iya duba shi a gane ko an cuɗa wani abu a wurin niƙa. Galibin kamfanoni gari suke sayarwa, su riƙe irin.

A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, yana ƙarƙashin kashi na biyu na wannan lasisi. Sharaɗinsa a fili yake: duk wanda ya raba wa mutane sarrafaffiyar manhajar, wajibi ne ya haɗa da rubutun asalinta, ko ya ba da rubutaccen alkawari, mai aiki na aƙalla shekara 3, cewa zai miƙa shi ga wanda ya nema. Wanda ya karɓa kuma yana da iznin kwafa da gyara da rabawa.

Mu a Sudan mun ɗanɗani amfanin wannan sharaɗi ta hanyar rashi. Daga Nuwamba 1997 zuwa Oktoba 2017 ƙasar nan tana ƙarƙashin takunkumin tattalin arzikin Amurka, ɗalibanmu suna buɗe shafukan kamfanoni su tarar an rufe musu ƙofa saboda inda suke zaune. A farkon 2010 har SourceForge, rumbun manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, ya toshe masu shiga daga Sudan da wasu ƙasashe huɗu. Wannan ya nuna cewa lasisi shi kaɗai ba ya buɗe hanya. Amma wanda ya riga ya mallaki kwafi a hannunsa, lasisin ya halatta masa ya ba ɗan'uwansa ba tare da neman iznin kamfani ba.

Takunkumi ya wuce, katsewar intanet ta biyo baya: bayan 3 ga Yuni 2019 fiye da wata guda, bayan 25 ga Oktoba 2021 makonni da dama, sannan a Fabrairu 2024 cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Abin da ke ajiye a rumbun wata ƙasa ba ya amfanin mutum ranar da waya ta mutu.

Muna jin masu cewa: wa zai karanta wannan rubutu a cikinmu? Tambaya ce mai ma'ana. Mu da muke rubuta wannan ma ba mu iya ba. To amma dattijon da bai iya karatu ba yana adana takardar gidansa, domin ranar rigima akwai mai karanta masa. A makaranta ma an koya mana cewa ɗalibi ba ya wadatuwa da jawabin da aka faɗa masa, sai ya san littafin da aka ciro shi, domin wani ya iya bin diddigi. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar xz da Linux ke amfani da ita, kafin ta bazu. Mutum guda ya lura, ya bi sawu cikin abin da aka buɗe, jama'a masu yawa suka tsira.

Akwai kuma batun harshenmu. Manhajar da aka buɗe tushenta, yaranmu suna iya fassara ta zuwa Hausa, su daidaita ƙ da ɗ da ɓ, su yi wa ajami wuri. Wadda aka rufe, sai mai ita ya ga dama.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, duk ƙungiya ko makarantar da ke sake gina ofishinta bayan komawa gida, ta fifita tsari irin su Debian ko Ubuntu, waɗanda suke raba tushe tare da manhaja. Na biyu, idan an biya wani ya rubuta mana manhajar rajista, a sa a yarjejeniya cewa zai miƙa rubutun asali tare da ita, gaban shaidu. Na uku, a ajiye kwafi biyu a faifai, ɗaya a nan, ɗaya a wani gari, a kuma ware matashi ko biyu su koyi karanta shi.

Kakanninmu da suka yo gabas bayan Burmi a 1903, har wasunsu suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ba su taho da abin da suka haddace kaɗai ba, sun ɗauko littattafansu a gafaka. Da su aka buɗe makarantu a sabon mazauni. Mu ma idan za a ba mu manhaja, mu tambayi tushenta tun kafin mu sa hannu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maido da kowa gidansa.