Kada Mu Raina Akodiyan Mai Maɓalli

Cikin kayan kiɗan Turawa akwai wani da ake kira akodiyan, wanda Cyrill Demian ya yi wa rajista a birnin Biyana cikin 1829. Iri biyu ne sanannu, da mai haƙora fari da baƙi kamar fiyano, da mai 'yan maɓallai a jere. Waɗansu sukan ce na biyun nan abin wasan yara ne. Mu kuwa ba mu yarda ba.

Ga yadda yake aiki. Tsakiyarsa zugazugi ne kamar na maƙeri. Daga ciki an jera 'yan harsuna na ƙarfe, an kafe gindin kowanne, an bar kansa a sake. In an danna maɓalli sai kafa ta buɗe, iska ta bi ta kan harshe, ya kama karkarwa, murya ta fito. Dogon harshe ke ba da babbar murya, gajere ya ba da siririya. Kowane maɓalli harshe biyu gare shi, ɗaya na kuka in an matse zugazugi, ɗaya in an ja, wata 'yar fata kuwa ta toshe wanda ba lokacinsa ba. Watau maɓalli 10 na hannun dama su ba da murya 20.

Masu kushe sun ce jeri ɗaya hawan murya bakwai kaɗai gare shi cikin goma sha biyu na fiyano, don haka akwai waƙoƙin da ba su kaɗuwa sai an ƙara jeri. Gaskiya ne. Amma fa tun da tilas makaɗi ya yi ta juya zugazugi, matsewa da ja, wannan fizga ita ke tashin ƙafar mai rawa. Bugu da ƙari, maɓallan da ke maƙwabtaka, in an danna su tare aka matse, muryoyinsu sukan dace, ɗan koyo ba ya jin kunya. Ga shi ba nauyi.

Shi ya sa ya zauna daram a Ayalan, da Kolombiya, da Luwiziyana ta Amurka. I. K. Dairo ma mai maɓalli 10 ya shigar cikin kiɗan juju na Yarabawa.

To, 'yan'uwa, wanda ke son koyon akodiyan cikinmu ya fara da wannan, kada ya zauna jiran babba mai tsada. Raina kama ka ga gayya.